Yadda Ake Raba Filin Hawa Tsakanin 'Yan Gari da Baƙi a Zariya

Daga ƙarshen Nuwamba, da an kwashe amfanin gona ƙasa ta bushe, bayan garin Zariya yakan ja mahaya iri-iri. Ga masu dawakai 'yan kilisa da suka saba fita bayan la'asar, ga samarin gari da baburansu, sai kuma baƙin ƙarshen mako daga Kaduna, Kano ko Abuja masu manyan mashina da babura masu ƙafa huɗu, suna neman gindin Dutsen Kufena, gefen Galma ko hanyoyin bayan Shika. Rigimar da ke tashi tsakaninsu kusan kullum tushenta ɗaya ne. Baƙo yakan yi hawansa na awa uku ya kama hanyar gida, ɗan gari kuwa shi ne zai haɗu da mai gonar a sahun magariba. In an taka kunya ko an firgita shanu, ba a neman wanda ya tafi, wanda aka san gidansu ake nema.

Wannan ba matsalar Zazzau kaɗai ba ce, kuma akwai waɗanda suka riga mu shan wahalarta. A Kanada, tun da kamfanin Joseph-Armand Bombardier ya fitar da Ski-Doo a garin Valcourt na lardin Kebek a 1959, babur ɗin da ke tafiya bisa dusar ƙanƙara ya zama abin hawan nishaɗi, mutanen birane suka riƙa kwarara ƙauyuka da shi. Manoma suka fara rufe gonakinsu. Dalilin kuwa na noma ne: dusar ƙanƙara mai laushi tana zama kamar bargo ga alkama da ciyawar dabbobi da ke kwance a ƙarƙashinta, amma in mashin ya danne ta sai sanyi ya ratsa ya kashe shukar, mai gona ba zai ga ɓarnar ba sai bayan ta narke. Abin da ya ceci wasan shi ne ƙungiya. A lardin Ontariyo an kafa tarayyar ƙungiyoyin mahaya, OFSC, a 1967, a Kebek kuma FCMQ a 1974. Kowace tana kula da hanyoyi na kimanin kilomita 30,000 ko fiye, kuma babban kaso na hanyoyin nan yana ratsa filayen mutane ne da yardar masu su. Manomi ɗaya ya janye yardarsa, hanya ta yanke, ƙauyen da ke gaba ya rasa masu sayen mai da abinci. Shi ya sa ɗan gari a can yake jin zafin baƙon da ya sauka daga hanya ya yi zagaye a gonar wani. Yardar da aka yi shekaru ana lallaɓawa ce ake ƙona masa.

Ƙanƙara dai ba mu da ita, amma tsarin nasu yana da abubuwan ɗauka, in aka daidaita su da ƙasarmu.

Izini kafin komai

Babu filin da ba shi da mai shi a kewayen Zariya. Gonar da aka girbe masara ko dawa a cikinta tana nan a hannun mai ita, kuma sau da yawa ya riga ya yi magana da makiyayi kan karan da harawar. Wata ma rogo ne a ciki, zai kai bazara a ƙasa. Don haka mako biyu kafin ranar hawa, mutum biyu ko uku daga 'yan gari su je wurin mai unguwa ko dagacin yankin, da rana, a babur ɗaya ko biyu. Kada a je da ayari. A gaisa yadda ya kamata, sannan a faɗi buƙata a fili: "Ranka ya daɗe, muna da baƙi ranar Asabar, mutum goma, muna neman izinin bin hanyar da ta wuce bayan makaranta zuwa gindin dutse, daga hantsi zuwa azahar." A faɗi rana, adadi, hanya da lokaci. Izinin da ba a fayyace waɗannan huɗun a cikinsa ba shi ne ake musu a kansa daga baya.

Mai unguwa zai haɗa ku da masu gonakin da hanyar ta shafa, da sarkin noma in akwai, da ardon rugar da ke kusa. Kada a tsallake ardo. Shi ya san lokacin da shanu ke fita da lokacin da suke gangarawa mashaya, kuma shi ya san inda burtali ya bi, wanda baƙo zai gani ya ɗauka hanyar mota ce mai faɗi. A rubuta abin da aka amince a takarda ɗaya da Hausa, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, a sa lambar wayar mutum ɗaya da za a kira in wani abu ya faru. Izinin na kaka ɗaya ne. Da ruwan farko ya sauka, a watan Afrilu ko Mayu, ya ƙare, sai an sake nema bayan girbi.

Wasu wurare ba a ma neman izininsu, barin su ake yi. Ganuwar birni da ragowar tsohuwar ganuwar da ke kewayen Kufena ƙasa ce da aka tara da hannu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, tayar babur mai ƙusoshin roba tana yanka mata rami, damina ta zo ta faɗaɗa shi. Haka maƙabartu, da yawansu a ƙauye ba su da katanga. Haka kewayen barikokin soja da filin jirgin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, da gonakin gwaji na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Shika, inda fegi ɗaya da aka tumɓuke kan ɓata aikin shekara.

Akwai kuma maganar da masu ƙanƙara ba su da ita. A jihar Kaduna ayarin babura da ba a san su ba abin tsoro ne ga mutanen ƙauye, har gwamnatin jiha ta taɓa hana hawan babur gaba ɗaya na wani lokaci a 2021 saboda 'yan bindiga. Mutum goma da hulunan kwano masu baƙin gilashi sun ɓullo daga daji ba sanarwa, 'yan sintiri ba za su tsaya tambayar ko nishaɗi ake yi ba. A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da shugaban 'yan sintiri kwana ɗaya kafin hawa, a bincika ko akwai dokar taƙaita babura da ke aiki a ƙaramar hukumar, a guji yamma mai nisa wajen Giwa da Birnin Gwari, kuma kowa ya ɗaga gilashin hularsa in za a shiga gari.

Shata hanya

Kafin a kai baƙo ko'ina, 'yan gari su bi hanyar da ƙafa ko a hankali da ƙaramin babur. Zagaye na kilomita 15 zuwa 25 ya ishi rabin yini. A zaɓi hanyar da dama akwai ta: hanyar amalanke, ta masu ɗiban yashi, ta 'yan kasuwa. Sabuwar hanya da aka tsaga a ciyawa, sau ɗaya aka bi ta gobe wasu za su bi, a shekara ta zama kwazazzabo.

Abubuwan da ake nema a wannan zagayen su ne masu karya ƙafa. Rijiyoyin lambu marasa murfi a fadama. Ramukan da aka haƙi ƙasar bulo. Bakin kwazazzabai, musamman a kwarin Kubanni inda zaizaya ta ci ƙasa sosai, gefen yakan yi kamar mai ƙarfi alhali ƙarƙashinsa rami ne. Tushiyar dawa da aka sare a karkace, wadda kan huda taya kamar mashi. Kunyoyin da suka bushe suka yi tauri, waɗanda in aka ratsa su a gudu sukan wurga mahayi ta kan kan babur. Sai kuma tiyon ban ruwa da aka shimfiɗa ya gitta hanya. Wannan na ƙarshen shi ya fi jawo faɗa a gefen Galma, domin lokacin da tudu ya zama fili shi ne lokacin da fadama take cike da tumatir, albasa, barkono da rake. In dole ne a tsallake tiyo, a sa katako biyu a gefensa, kaurinsu ya ɗan fi na tiyon, taya ta hau katako.

Alama ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Turakun itace masu tsawon kamu biyu, a shafa wa kansu fenti, a kafa ɗaya kowane mita 100 a miƙaƙƙiyar hanya, uku a jere a kowace kwana. A Ontariyo taswirar hanyoyinsu launi uku take amfani da shi: kore a shiga, ruwan ɗorawa a shiga da hattara, ja a rufe. Ana iya ɗaukar wannan yadda yake. Ƙyallen atamfa ya fi leda, domin leda in ta faɗi akuya ko saniya ta haɗiye, an buɗe wata shari'ar. A cire alamun a ƙarshen kaka.

Kuɗi

A nan ne zumunci yakan lalace in ba a yi magana tun farko ba. A Ontariyo da Kebek duk wanda zai hau hanyar ƙungiya sai ya sayi takardar izini ya manna a jikin mashin, ɗan gari ne ko baƙo. Akwai ta shekara, akwai ta 'yan kwanaki don masu ziyara, kuma kuɗin ne ke biyan injin gyaran hanya da alamomi. A Kebek har da inshorar ɓarnar da mahayi zai yi wa wani a cikin kuɗin. Hikimar ita ce kowa ya biya, don kada ɗan gari ya ce shi yake wahala wasu na morewa, kada kuma baƙo ya ce tatsarsa ake yi.

A nan gida, a yanka kuɗin yini ga baƙo da na kaka ga ɗan gari, a sanar da su kafin mutum ya baro garinsu. A kasa abin da aka tara uku: kashi ɗaya na jagora da masu kafa alama, kashi ɗaya a ajiye don biyan ɓarna, kashi ɗaya na unguwar da aka ratsa, a miƙa shi a gaban shaidu don wani aiki da kowa zai gani, kamar gyaran famfon burtsatse. Abin da ba ya da kyau shi ne watsa wa yara kuɗi a hanya. Ranar farko abin dariya ne, mako na gaba yaran za su riƙa tarar babura a guje, daga nan sai tsautsayi. Haka kuma shingen da samari kan kafa da igiya suna karɓar na goro: in akwai kason unguwa a hannun mai unguwa, shi da kansa zai hana.

Ranar hawa

Lokaci ya fi fili sauƙin rabawa. Babura su ɗauki safiya, daga ƙarfe 9 zuwa azahar, bayan yara sun shiga makaranta kuma shanu sun yi nisa da ruga. Daga la'asar zuwa faɗuwar rana a bar wa dawakai. Juma'a da ranar kasuwar ƙauyen a huta. Makon da ke gaban Sallah ma a bar wa masu dawakai fili gaba ɗaya, domin lokacin ne ake motsa dabbobin da za su yi Hawan Sallah, Hawan Bariki da Hawan Daushe, yawancinsu sun daɗe a turke, jininsu na tafasa.

Ayari kada ya wuce mutum takwas zuwa goma. In sun fi, a raba biyu, a sa minti 20 a tsakani. Ɗan gari a gaba, ɗan gari a baya, ba mai wuce na gaba. Dajin Yellowstone na Amurka, bayan shekaru ana shari'a kan hayaniya da hayaƙin baburan ƙanƙara, abin da aka tsaya a kai kenan: an ƙayyade yawan masu shiga a rana, kuma a ƙungiya ake shiga da jagora. A ƙurar hunturu a bar tazarar daƙiƙa biyar zuwa shida tsakanin babur da babur, a kunna fitila ko da rana ce. Wanda ya manne wa na gabansa ba ya ganin rami, kuma matatar iskar injinsa ce za ta sha ƙurar. Bayan kowane hawa a wanke soson matatar a sa masa mai.

Akwai wata ishara ta masu ƙanƙara da ta dace da ƙunƙuntar hanya. In aka yi kiciɓis da mai tahowa, kowane mahayi ya ɗaga yatsun hannun hagu ya nuna yawan waɗanda ke bayansa, na ƙarshe ya dunƙule hannu. Mai amalanke ko ɗan acaɓa da ya rakuɓe ya san yaushe zai koma hanya. Sai dai a gaya wa mutanen ƙauyen ma'anarta tun farko, kuma a yi ta da bayan hannu, kada a buɗe wa mutum tafi da yatsu biyar ya ɗauka daƙuwa aka yi masa.

Gudu: doka a hanyoyin Ontariyo kilomita 50 ne a awa, a Kebek 70, kuma waɗannan hanyoyi ne da aka share aka daidaita. A hanyar ƙauye 40 ya isa a fili, 15 zuwa 20 a cikin gari. Lissafin a bayyane yake. A gudun 50 babur yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kafin mahayi ya ga yaro ya kai hannu birki ya riga ya ci mita 20, sannan birki a kan tsakuwar marmara ba ya kamawa kamar a kwalta. Rage iskar taya yana taimakawa, ƙaramin babur na daji yakan yi kyau a awo 12 zuwa 15 na ma'aunin iskar taya (PSI), amma babban mashin mai nauyi in aka rage masa haka dutse zai lanƙwasa masa rim.

Sai ƙara. Salansar da aka fasa ko aka cire mata abin rage sauti ita ce ta fi komai saurin rufe hanya. A 2004 wata kotu a Kebek ta hana baburan ƙanƙara bin wani yanki na hanyar da ake kira Petit Train du Nord, ta kuma ba mazauna gefen hanyar diyya, musamman saboda ƙara. A wurin taruwa a tayar da kowane babur a saurara. Wanda tasa ta yi yawa ya mayar da abin salansar ko ya zauna, ko da kuwa shi ya kawo baƙin.

Haɗuwa da doki da shanu

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin baƙon birni da yawa bai taɓa tsayawa kusa da ingarma ba. Doki yana gani sosai ta gefe, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, kuma abin da ya ji bai gani ba guje masa yake yi ko ya yi harbi. In doki na tahowa, a tsaya tun da tazarar mita 50, a koma gefe ɗaya duka, kada a raba hanya biyu a sa shi a tsakiya. In hanyar gangare ce a tsaya ta ƙasa, domin abin da ke samansa ya fi ba shi tsoro. A kashe inji, a ɗaga gilashin hula, a yi sallama da murya: jin muryar mutum yana kwantar da shi. Kada a tayar sai ya wuce da nisa. In ta baya aka cim masa, ba hon, ba murɗa totur. A rage gudu, a jira mahayin ya waiwayo ya ba da hannu, a wuce a giya ta ɗaya da tazarar aƙalla mita uku. In kunnuwansa sun kwanta baya ko yana rawa da gindi, a haƙura a tsaya. Da yawa daga masu fitar da dawakai da yamma yaran barga ne, wasu ba sirdi ma, ragama kawai ce a hannunsu.

Garken shanu ba a ratsa shi. A tsaya, a gaida makiyayi, a bar su su wuce ko da zai ɗauki minti goma. Saniya mai sabon maraƙi tana iya kawo suka. Masu dawakai su ma da nasu: sukuwa ta cikin ayarin da ya tsaya domin girmama ka rashin kyautawa ne.

In an yi ɓarna

Za a yi, komai tsari. Ƙa'idar ita ce ayari duka ya tsaya, ba wanda ya yi kaɗai ba. Jagora ɗan gari ne zai yi magana, sauran su yi shiru, su cire huluna. "Baba, sannu da aiki. Mu ne muka taka, kuskure ne, a yi haƙuri. A kira mai unguwa a duba." Kada a fara da ciro kuɗi daga aljihu, wasu dattawan cin fuska suke ɗaukarsa. A ƙirga kunya nawa, tsawon taku nawa, ko tiyo mita nawa, a ɗauki hoton ɓarnar, a bar sarkin noma ya ƙiyasta, a biya a ranar daga asusun da aka ware, daga baya ƙungiya ta karɓa daga wanda ya yi. Akuya ko tunkiya da aka buge, farashin kasuwa ake biya, in mai ciki ce a ƙara. In mutum ne ya ji rauni, asibiti tukuna, ɗan gari ɗaya ya zauna da iyalin, sannan a sanar da 'yan sanda. Gudu shi ne ke mayar da ƙaramin abu babba, kuma kan samarin unguwa masu babur yake ƙarewa.

Hoto ma yana cikin ɓarna. Ba a ɗaukar matan aure a bakin rijiya ko cikin gidajen mutane, ba a tayar da jirgi marar matuƙi sai da izini. Haka nan saka taswirar hanya a Facebook ko Instagram: mako mai zuwa wasu za su biyo ta ba tare da sun san akwai yarjejeniya ba, mai gona kuma ba zai bambance su da ku ba. A saka hoton dutse, a bar hanyar a hannun jagora.

'Yan gari kuma kada su ɗauka duk laifin na baƙi ne. Sau da yawa sawun da ke cikin gonar na yaron unguwa ne da ya fita gwada ɗaga taya da yamma, aka jingina wa waɗanda suka zo Asabar. Dokar da aka karanta wa baƙo a wurin taruwa ita ce za ta hau ɗan shugaban ƙungiya: gargaɗi a karon farko, dakatarwar wata ɗaya a na biyu, kora har ƙarshen kaka a na uku. Ɓoye alama don baƙo ya ɓata, ko nuna masa hanyar da aka san akwai rami, ba wasa ba ne, ana iya kwana a kotu a kansa.

Bayan an tashi, mutum biyu su sake bin zagayen da buhu su kwashe robobin ruwa, su miƙe turakun da suka faɗi, su cike ramin da taya ta tona a bakin rafi. Washegari a kira mai unguwa da ardo a tambaya ko akwai ƙorafi, a rubuta abin da suka ce a bayan takardar izinin, da kwanan wata, domin ita za a ɗauko in an koma neman na baɗi.